Ta Ina Iskar Ke Shigowa?

Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ce ɗakin da na gina mata bai yi mata ba. Ranar da ta tare sai da ta zagaya shi kusurwa-kusurwa, tana shafa bango da tafin hannu, tana sa mini albarka har kunya ta kama ni. Duk wanda ya zo yi mata barka da sabon wuri, sai ta nuna masa ƙofar ƙarfe mai koren fenti da tagogin nan biyu, ta ce, "Aikin ɗan rediyo ne." Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Tun da na fara aiki a gidan rediyo ta samu abin kirana da shi, ta huta.

A tsohuwar unguwar Birni, cikin Damagaram, aka haife mu. Ɗakin Inna na can na tubali ne, kaurin bangonsa ya fi kamu guda, rufinsa azara da ƙasa, tagarsa guda ɗaya can sama kusa da rufi, ba ta fi faifai girma ba. Muna yara muna raina ɗakin nan saboda duhunsa. Bayan Baba ya rasu aka raba gado, damina kuma ta ci gindin bangon gabas, sai na ga lokaci ya yi da zan ɗauke ta. Ina da fili a bakin gari, inda na riga na gina nawa. Na haɗa kuɗin adashi da ɗan bashi, na sa aka tayar mata da ciki da falo, na bulo da kwano, cikin wata biyu. A tsakiyar damina aka yi aikin, ina tsaye a kan masu ginin ina azalzalarsu. So nake kafin a gama girbi a ce ɗan Inna ya fitar da ita daga ginin ƙasa. Wannan "a ce" ɗin, idan zan faɗi gaskiya, yana cikin abin da ya sa ni gaggawa.

Kaka ta wuce lafiya, sai ɗari ya kama.

Wanda bai taɓa yin hunturu a bakin gari ba, inda babu katangar maƙwabci da za ta tare masa, bai san jaura ba. Daga ƙarshen Nuwamba iska ke juyawa, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, busasshiya, ɗauke da ƙura mai laushi kamar hoda. Kaso mai yawa na ƙurar nan daga arewacin Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, wanda a da gindin wani babban tafki ne kafin ya ƙafe. Na sha gaya wa masu saurare haka a shirin safe, ina jin daɗin yadda abin ke ba su mamaki. Ban taɓa kawowa a raina cewa ƙasar gindin tafkin nan za ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ta zo ta kwanta a kan dardumar sallar mahaifiyata ba. A watan Janairu zafin rana yakan kusa digiri 30, da asuba kuma ya sauka zuwa 15 ko ƙasa da haka. Mutanen ƙasashen ƙanƙara za su ji wannan su yi dariya, amma ga tsohuwa mai raunin ƙirji, a ɗakin da iska ke ratsawa dare guda cur, muku-muku ne.

Inna ta fara tari. Da na tambaya sai ta ce na ɗari ne, kowa ma yana yi. Na sayo magani, na ƙaro bargo. Kullum da safe ana share ɗakin, kafin azahar jeren kwanoninta ya yi furu-furu. Wata safiya na lura da ƙura a kan daɓen falo, ta taso daga bakin ƙofa ta bazu kamar mafici. Na gani, na tsallake na wuce. Ƴar ƙanwata, yarinya ƴar shekara 9 da ke kwana tare da ita, ita ce ta fasa ƙwai. Ta same ni ina goge babur, ta ce, "Kawu, Inna fa a zaune take kwana. Ta ce kada in gaya maka."

A wurin aikinmu, ɗakin watsa shiri yana da ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya, kowace an zagaye bakinta da roba. In ka rufe ta biyun sai ka ji kunnenka ya ɗan toshe, hayaniyar duniya ta ɗauke. Akwai ranar da ƙarar janareto ta riƙa shiga makirufo, muka rasa ta inda take bi. Injiniyan sautinmu ya durƙusa ya nuna mini robar ƙasan ƙofa, ta ɓare tsawon ɗan yatsa kawai. Ya ce duk inda iska ta samu hanya, sauti ma ya samu. Da wannan ɗan ilimin na shiga ɗakin Inna a daren da yarinyar ta yi mini magana. Na roƙe su suka kwana wajen maiɗakina, na kulle kaina a ciki, na kashe fitila, na zauna a kan tabarma na kasa kunne.

Ashe ɗakin magana yake yi. Akwai wani fito siriri daga wajen ƙofa, akwai huci daga tagar arewa, gilasan ɗaya tagar suna ta kaɗa haƙora, kwano kuma yana motsi a sama duk lokacin da iska ta ƙara ƙarfi. Na kunna turaren tsinke, irin wanda Inna ke sawa ranar Juma'a, na riƙa bin bango da shi ina haska hayaƙin da fitilar waya. Inda babu iska, hayaƙi miƙewa yake yi sama sak. Inda take shigowa sai ya kwanta.

A ƙasan ƙofar ƙarfe hayaƙin ya kwanta ya bi daɓe a guje. Na sa yatsu biyu, suka shige har da saura. Da gari ya waye na auna, santimita 3 ne. Faɗin ƙyauren kuwa santimita 90. Na yi lissafi a bayan takardar shiri, ya ba ni santimita murabba'i 270, wato daidai da a ce an huda bango an bar rami mai faɗin bakin kwanon miya. Da wani ne ya zo ya huda mini bango haka, da sai mun kai gaban hukuma. Amma da yake ramin a kwance yake, dogo siriri, wata uku ina tsallake shi. Na kuma san dalilinsa. Mai walda ya ƙera ƙofar tun kafin a zuba daɓe, ya yi kirdado ya bar sarari don kada ta riƙa gogar ƙasa. Ni kuma na hana a yi dokin ƙofa, wai kada Inna ta yi tuntuɓe.

Na ɗaga turaren sama. A kusurwar ƙyauren ta sama, ɓangaren mukulli, akwai wani baki a buɗe kamar yankan kankana. Ƙyaure ne mai nauyi aka rataya shi a kan ƙarafa biyu kacal, yara kuma suna lilo da shi, har ya sunkuya. Ramin mukulli shi ne mai fiton da na fara ji. Ƙarami ne, ƙararsa ta fi ɓarnarsa yawa.

Tagar arewa irin ta ƙarfen nan ce mai haƙarƙari, wadda masu walda a nan ke kira persiyan. Ko ka rufe ta a buɗe take, don haka aka ƙera ta: ta tare rana da idon mai wucewa, ta bar iska ta shiga. A bazara ni'ima ce. Na zaɓe ta ne ina sharce gumi, ban tuna akwai Janairu a shekara ba. Ta biyun mai jerin gilasai ce masu buɗewa da rufewa, wadda muke ce wa nako. Ƙura ta cika maƙalan gilasan har hannun ya daina kaiwa ƙarshe, saboda haka ba sa haɗa baki. Ɗaya daga ciki kuma tun asali an yanke shi gajere, an bar wajen yatsa a gefe. Ƙofar katako da ke tsakanin falo da uwar ɗaka, da na haska ta daga baya, haske ya ratso ta tsakanin allunanta layi-layi.

Daga nan na hau kujera. Inda kwano ya hau kan bango, kowane tudun kwano ya bar ƴar ƙofa a ƙarƙashinsa, jere reras daga wannan kusurwa zuwa waccan. A bangon baya hayaƙin ficewa yake yi. Nan na gane yadda abin ke tafiya. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, sama take hawa, tana sulalewa ta ƙarƙashin kwano, mai sanyi kuma tana shigowa ta ƙasan ƙofa ta maye gurbinta. Hanyar da mai sanyin ke bi ta ratsa daidai ta kan katifar Inna, wadda ke shimfiɗe a ƙasa don ta ce gado yana sa mata ciwon baya. Na sauko daga kujerar na zauna a kan katifar nan. Ban yi minti goma ba ƙafafuna suka ƙage.

Washegari na shiga kasuwar Dole kamar mai shirin yaƙi. Na sayo tsohuwar robar cikin tayar mota, da gam, da leda mai kauri, da kwalaye. Na yanka robar na liƙa a ƙasan ƙofa da gefunanta. Na cusa auduga a ramin mukulli. Persiyan da nako na rufe su da kwali, na bi da leda. Ƙarƙashin kwano na cusa takardun siminti da tsummoki. Akwai wasu bulo biyu masu huji da magini ya sa can sama a bangon yamma, su ma na toshe su tsaf. Da yamma na sake kunna turare, hayaƙi ya miƙe a ko'ina. Na rufe ƙofa na ji kunnena ya ɗan toshe, irin na wurin aiki. Na ce, "Inna, yau sai barci." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta ɗaga kai ta dubi inda bulon nan suke, ba ta ce komai ba.

Ƙarfe biyar nake fita saboda shirin safe. Na turo babur na wuce ta gaban ƙofarta, na ji shiru, babu tari. Na yi murmushi, na ce a raina aiki ya yi kyau. Har na kama ƙyauren ƙofar gida, sai hasken wayata ya faɗa kan butarta. Tana nan inda aka ajiye ta jiya, ƙasar da ke gabanta kuma a bushe. Tun da na yi wayo ban taɓa riga Inna tashi ba. Kullum kafin in fito ta yi alwala tana nafila.

Na jingine babur na ƙwanƙwasa. Na yi sallama, na ƙara. Na kira sunan yarinyar da ƙarfi har maiɗakina ta fito ba ɗankwali. Ƙofa da sakata ta ciki, tagogi kuma ni da hannuna na liƙe su. Na yi ta dukan ƙarfen da tafin hannu ina salati. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba kafin mu ji motsi, sai ƙarar sakata a hankali. Yarinyar ce ta rarrafo ta zare ta. Ƙofa na buɗewa ta faɗi a kan ƙafafuna tana amai, tana cewa kanta zai fashe.

Ɗakin da ɗumi, babu hayaƙi, babu wari. A gefen katifa ga kasko, garwashi ya lulluɓe da toka. Inna tana numfashi, amma in na kira ta sai ta buɗe ido ta mayar. Muka ciccibo ta zuwa tsakar gida cikin jaurar nan da na kwana biyu ina yaƙi da ita. Maƙwabcina ya tayar da mota. A gidan likita, tambayar farko da ma'aikacin jinya ya yi, tun kafin ya taɓa su, ita ce, "Da gawayi suka kwana?" Ya ce duk ɗari sai an kawo musu irin wannan. Aka sa musu iskar oksijin.

Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta wadata ba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta da ƙarfin da ya ninka yadda yake kama oksijin fiye da sau 200, saboda haka a hankali take cika jinin mutum ta hana shi abin da yake rayuwa da shi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa yana iya zarcewa bai ji komai ba. Duk wannan na san shi tun kafin ranar. Akwai sanarwar kiwon lafiya a kan kwana da gawayi, da muryata aka naɗe ta, mako uku ana sa ta safe da yamma a tasharmu. Ina zaune a kan bencin gidan likita na tuna kalmominta ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya yi da sauran kwana. Yarinyar ta warware tun da hantsi, Inna sai washegari aka sallame ta. A rana ta uku, da muka samu kanmu mu biyu, na tambaye ta yaushe ta fara shiga da kasko.

Ta ce, "Tun da ɗari ya kama. In kun kwanta yarinyar nan ke hura mini."

Na ce, "Inna, me ya hana ki gaya mini kina jin sanyi?"

Ta ce, "Ka ci bashi ka yi mini ɗaki, in buɗe baki in ce ɗakinka da sanyi?" Ta gyara mayafi ta ƙara da cewa, "Shekara arba'in a Birni da kaskona nake kwana. Na ji ka a rediyo kana faɗa, na ɗauka da masu ɗakin gilashi kake."

Wato ramukan nan da na bi ɗaya bayan ɗaya na toshe, su ne suka yi wata biyu suna fitar da gubar kaskon. Roba da kwali sun tare iska, amma siririn bangon bulo da kwano ba su riƙe ɗumi ba, saboda haka a daren ma ta ji sanyi, ta aika a hura mata gawayi kamar kullum.

Cikin masu zuwa duba ta akwai wani abokin Baba, tsohon magini daga Birni, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Da ya gama gaishe ta ya ce in zagaya da shi ɗakin. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya dubi inda rana ke fitowa.

"Wa ya ce a fuskantar da ƙofar nan can?"

Na ce, "Ni ne, Baba. So nake in riƙa hango ta daga ɗakina."

Ya ce, "Hadari daga gabas yake tasowa, jaura daga arewa maso gabas. Ka buɗe musu ƙofa su biyun, ɗana."

Ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa a gefen firam ɗin ƙofa, wurin ya yi ƙara kamar ganga. Ya ɗan soka, shafen ya ɓare, sai ga ɓaraguzai da takardar siminti a ciki. An kafa firam, an cusa abin da aka samu a gefensa, an shafe fuska. Ya ce ƙarfe yana saurin ɗaukar zafin rana ya saki da dare, ga bugun ƙofa kullum, siririn shafe ba ya jure wannan, sai ya tsage iska ta bi ta bayan firam. Wannan wurin ko turarena bai kai gare shi ba, don labule ya rufe shi. Ya nuna mini wata tsaga da ta tashi daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace. Ya ce harsashi ne ya zauna, an yi shi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba a jira ba, kuma kusurwar ƙofa da ta taga nan ne bango ya fi rauni. "Ka san abin da aka ce game da ƙadangare," in ji shi, ya wuce gaba.

A ƙofar katako ya sa farce ya kankari allo. Ɗanyen katako ne. Ya ce katako yana shan laima da damina ya kumbura, da rani ya bushe ya tsuke, kuma a faɗi yake tsukewa, tsawonsa ba ya wani canzawa, shi ya sa tsakanin alluna ke buɗewa. Ya tambaye ni ko ƙofar ta taɓa cijewa. Na ce ta yi a watan Satumba, na kira kafinta ya fere bakinta. Ya yi dariya ya ce, "Abin da ka fere da damina shi kake nema da ɗari."

Da muka zo ga bulon nan biyu masu huji, bai yi magana ba sai da ya sa sanda ya zaƙulo tsummokin ya watsar a ƙasa. Sannan ya ce, "Waɗannan kam yaron da ya yi maka gini bai yi kuskure ba." Ya tuna mini da ƴar tagar ɗakin Birni wadda muke rainawa. Ya ce kakana bai rasa kuɗin babbar taga ba. Kaurin bangon yana shan zafin rana a hankali ya mayar da shi cikin ɗaki da dare. Ƙofa ƙarama ce, da dokin ƙofa mai tsawo da ke tare ƙura da ruwa da kunama, ga asabari a rataye. Kafin iska ta iso gare ta kuma sai ta sha karo da zaure da katanga. Tagar sama kaɗai aka bar wa iska, inda ba za ta taɓa mai kwanciya ba. "Ɗaki kamar mutum yake," in ji shi, "ta hanci yake numfashi. Naka ta ƙafa yake yi, da ka zo gyara kuma sai ka toshe har hancin."

Na tambaye shi ko tagar nan ce ta tsare Inna shekara arba'in da kaskonta. Ya girgiza kai. Ya ce ko a ɗakin ƙasa ya san gidan da aka wayi gari aka fitar da gawa saboda kasko. Taga ta taimaka, amma Allah ne ya tsare. Ya juya wajen Inna ya ce, "Hajiya, kasko ya yi sallama da ɗakin kwana." Daga bakinsa ta karɓa, ba ta yi musu ba.

Gyaran ya ci mako biyu, kuɗinsa kuma ya fi wanda na yi tsimi a farkon aiki. Aka fasa gefen firam ɗin ƙofa da na tagogi aka cika su da kwaɓin siminti na gaske. Aka ƙara wa ƙyaure ƙarfe na uku aka miƙe shi. Aka yi dokin ƙofa gajere mai gangara, wanda ƙyaure ke jingina da shi, ƙafar Inna kuma ba ta kama shi. Robar ƙasa ita kaɗai ta tsira daga aikina na farko. Kafinta ya yi wa persiyan murfin katako ta ciki, a rufe da ɗari a buɗe da bazara, ya kuma bi tsakanin allunan ƙofar ciki da siraran katako ya rufe. Aka wanke maƙalan nako, aka canza gajeren gilashin. Aka yi silin, ko filafon kamar yadda muke cewa a nan, don kwano ya daina shanye ɗumin ɗaki, aka bar bulo masu huji a ƙarƙashinsa a buɗe, da raga saboda sauro da ƙadangaru. Ƙofa ba ta juyuwa, saboda haka muka kafa zana a gabanta ta ɓangaren arewa maso gabas, daga baya na maye ta da gajeren bango. Inna ta yarda da ɗan gado mai ƙafa kamu guda. Kaskonta yanzu a baranda yake zama. Bayan isha'i takan ji ɗumi a can tare da yara, a kashe shi da ruwa a gabana, sannan ta shiga da gorar ruwan zafi naɗe a zane ta sa a wajen ƙafafunta.

Sanarwar gawayi har yanzu ana sa ta duk ɗari, amma na roƙi a bar ni in sake naɗarta. Na ƙara jumla biyu. Na ce wa masu saurare tsohonka ba zai gaya maka yana jin sanyi a ɗakin da ka gina masa ba, ka je da kanka ka zauna a kan shimfiɗarsa da dare ka ji. In kuma ka tashi toshe ramuka, ka fara tambaya me ake shiga da shi ɗakin bayan ka kwanta.

Duk ƙarshen Nuwamba nakan kunna turaren tsinke in zagaya ɗakin. Robar ƙofa tana bushewa ta tsattsage, kusan duk shekara sai an canza. Tsagar kusurwar taga ta taɓa dawowa sau ɗaya, muka sake cika ta. Inna takan zauna a bakin gado tana kallona tana jan carbi, ta ce in na gama bokancin in bar mata sauran turaren. Abin da nake nema shi ne hayaƙin ya miƙe a wajen gadonta, in na hau kujera kuma ya lanƙwasa ya nufi bulon sama.

Tarin bai rabu da ita gaba ɗaya ba, ƙurar Bodele ba ta da mai hana ta zuwa. Amma a kwance take kwana. Da asuba in na turo babur, ba na wuce ƙofarta sai na haska ƙasa na ga jiƙon alwala a gaban buta. Sannan in yi sallama.

"Ina kwana, Inna?"

"Lafiya lau, ɗan rediyo. Yi sauri, mutane suna jiranka."